Lasin Magina Da 'Yan Kwangila A Ƙasar Amurka

Ya kai mai karatu, in ka yi niyyar gyara gidanka a garinku, ba ka shan wahalar sanin wanda za ka kira. Ka san magini, ka san ubansa, watakila har ka san wanda ya koya masa sana'ar. Ka ga soron da ya gina wa maƙwabcinka, ka ga damina nawa ta wuce a kansa bai tsage ba. In kuwa ya karɓi kuɗinka ya yi maka aikin banza, akwai sarkin magina, akwai mai unguwa, akwai kuma kunya, wadda ta fi su duka ƙarfi.

To, ka ɗauka kana zaune a wani babban birni na ƙasar Amurka, inda mutum ya kan shekara goma bai san sunan maƙwabcinsa ba. Rufin gidanka ya soma yoyo. Sai ga wani baƙo ya tsaya da mota a ƙofar gida, da tsani ɗaure a bisa, ya ce zai gyara maka a kan dala 8,000. Ba ka taɓa ganinsa ba, ba ka san inda ya kwana ba. Yaya za ka yi ka san gwani ne ko ɓarawo? Wannan ita ce tambayar da hukumomin can suka so su amsa da takardar da a ke kira lasin. Sun so takarda ta tsaya a madadin sanayya. Za mu duba yadda suka shirya abin, da inda takardar ta ke tsare mai gida, da inda ta ke barinsa.

Abu na fari da ya kamata ka sani, babu lasin guda wanda ya game ƙasar duka. Amurka jihohi 50 ce suka haɗu, kowace da gwamnanta da majalisarta ta yin dokoki. A cikin 1791 aka ƙara wani sharaɗi ga tsarin mulkinsu, wanda ya bar wa jihohi da jama'a duk ikon da ba a danƙa wa gwamnatin tarayya ba. A cikin 1889 kuma Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yi hukunci a kan ƙarar wani mai aikin likita wai shi Dent, ta tabbatar jiha tana da ikon hana mutum yin sana'a sai ya nuna ya iya. Saboda haka kowace jiha ta bi tata hanya. Abin da ya ke halal a wannan gefen iyaka, in ka ƙetare ya zama laifin da a ke ɗaure mutum a kansa.

Kada ka zaci don neman kuɗin takarda kaɗai aka soma wannan. Gidajensu cike su ke da abubuwa masu kisa waɗanda ido ba ya gani: wayar lantarki cikin bango, da bututun iskar gas ƙarƙashin daɓe. Ran 18 ga Maris, 1937, a wani ƙaramin gari mai suna New London cikin jihar Teksas, wata makaranta ta fashe ana cikin karatu. Masu kula da makarantar sun so su rage kashe kuɗi, suka sa aka jona musu bututu da wani layin gas na kamfanin mai. Iskar ta yi ta zurara ƙarƙashin ginin, ba wanda ya ji, gama ba ta da wari. Tartsatsi ɗaya daga wata na'ura ya ishe ta. Kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara. A shekaran nan majalisar Teksas ta yi doka a riƙa zuba wa gas wani abu mai wari, ta kuma yi dokar yi wa injiniyoyi rajista. Yawancin dokokin irin wannan haka su ke, sai an binne mutane tukuna a ke rubuta su.

Jihar da ta fi tsanantawa

Bari mu daɗe kaɗan a kan Kalifoniya, gama tana cikin waɗanda suka fi tsanani, kuma in ka gane tata, sauran ba za su yi maka wuya ba. Tun 1929 ta kafa hukumar ba 'yan kwangila lasin, masu riƙe da lasinta kuwa sun fi 250,000.

Dokar ta ce duk aikin gini ko gyara wanda kuɗinsa, in an haɗa na kaya da na ƙwadago, ya kai wani adadi, sai mai lasin zai yi shi. An daɗe adadin nan yana dala 500. Daga 1 ga Janairu, 2025, aka ɗaga shi zuwa dala 1,000, amma da sharaɗi aikin ba irin wanda a ke neman izinin gini dominsa ba ne, kuma mutumin shi kaɗai zai yi, ba zai ɗauki lebura ba. Ba a yarda a yanka babban aiki gunduwa-gunduwa don a kauce wa dokar ba.

Wanda ya ke neman lasin, sai ya kai shekara 18 da haihuwa. Sa'an nan ya kawo shaida ya yi shekara 4 cikin shekaru 10 da suka wuce yana aikin a matsayin gwani, watau wanda an riga an yaye shi, yana iya yin aiki ba mai tsaya masa a kai. Wani wanda ya san aikinsa, ko maigidansa na dā ko abokin sana'a, shi zai sa hannu. Karatun makaranta ko na koyon sana'a ya kan rage masa wani abu daga shekarun nan, amma ko yaya sai ya yi shekara guda yana aiki da hannunsa. A kan ɗauki hoton yatsunsa a aika wa masu tsaron doka, su duba ko yana da wani laifi a baya.

Bayan wannan sai jarrabawa, iri biyu. Ɗaya ta sana'arsa ce. Ɗayar kuwa ta doka ce da sha'anin ciniki: yadda a ke rubuta yarjejeniya, da biyan ma'aikata, da haraji, da tsare lafiyar masu aiki. Sau da yawa wannan ta biyu ita ke ka da gwanaye, gama mutum ya kan iya aza bulo kamar an ja zare, amma lissafi da takarda su gagare shi. A ganina sun yi daidai da suka sa ta. Ɗan kwangila da yawa ba mugunta ce ta sa ya gudu ya bar aiki ba. Ya yi kuskuren lissafi ne tun farko, kuɗi suka ƙare masa bango na tsakiya.

Lasin ma ba iri ɗaya ba ne. An kasa shi aji-aji da haruffa. Ajin A na masu manyan ayyuka ne kamar hanya da gada. Ajin B na masu gina gidaje ne. Ajin C na masu sana'a guda ne, kuma ya rabu fiye da kashi 40: C-10 mai aikin lantarki, C-36 mai aikin famfo, C-39 mai rufi, C-33 mai fenti, da sauransu. Mai lasin fenti ba shi da ikon karɓar kwangilar jan waya. Ko wane lasin yana da lamba, kuma dole mai shi ya sa lamban nan a tallarsa da takardun yarjejeniyarsa. Bayan ko wace shekara 2 sai ya sabunta.

Akwai kuma wani abu wanda za mu kira lamuni. Ka san yadda in baƙo zai karɓi kaya bashi a kasuwa, a kan ce ya kawo wanda zai tsaya masa. To, a can kamfani ne ke tsayawa. Ɗan kwangila ya kan biya kamfanin wani abu kaɗan ko wace shekara, kamfanin kuma ya ba hukuma takarda cewa in mutumin nan ya cuci wani, za su biya har dala 25,000. Kafin 1 ga Janairu, 2023, dala 15,000 ne. In sun biya, su kan koma su bi shi bashin. Amma ka lura da kyau, kuɗin nan na dukan masu kuka da shi ne, ba na ko wane ɗayansu ba. In ya cuci gida goma, su goman nan ne za su taru a kan wannan ɗan abin. Ban da lamuni, duk mai ɗaukar ma'aikata sai ya yi musu inshora saboda haɗari. Masu rufi kuwa an tilasta musu ita ko da sun ce ba su da yaro ko ɗaya, gama an san daga bisa a ke faɗowa.

Dokar ba ta tsaya ga ba da lasin ba, ta shiga har cikin cinikin. Aikin gyaran gida wanda ya wuce dala 500 sai an rubuta shi. Kuɗin kafin alƙalami kuwa an yanka masa iyaka: kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko dala 1,000, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu. Watau baƙon nan da ya ce zai yi maka rufi a kan dala 8,000, ba shi da ikon karɓar fiye da dala 800 kafin ya taɓa aiki. In aikin na dala 60,000 ne, iyakarsa dala 1,000. Da ka ji mutum ya ce ka ba shi rabi ya je ya sayo kaya, ka san ko dai bai san doka ba, ko kuwa ya san ta sarai.

Hukuncin marar lasin

Wanda aka kama karo na fari yana kwangila ba lasin, ana iya ɗaure shi har wata 6, ko a ci shi tara har dala 5,000, ko a haɗa masa duka biyu. Ma'aikatan hukumar su kan ɗana tarko. Su sami wani gida su zauna kamar su ne masu shi, su kira masu talla su zo su yi kuɗin aiki. Duk wanda ya faɗi kuɗin da ya wuce iyaka, ba shi kuwa da lasin, sai a miƙa masa sammaci.

Amma akwai hukuncin da ya fi ɗauri zafi. Marar lasin ba shi da ikon kai ƙara kotu don a biya shi ladan aikinsa, kome kyan aikin. Ga wani labari na gaskiya. Wani kamfani mai suna Hydrotech daga jihar Niyok, wanda ya ƙware wajen ƙera na'urar da ke ta da igiyar ruwa, ya karɓi aikin gina wani babban tafki a wurin wasan ruwa na Oasis, a garin Palm Springs na Kalifoniya. Ba shi da lasin jihar. Da aka gama, masu wurin suka riƙe masa fiye da dala 100,000. Ya kai ƙara, ya ce ai sun san ba shi da lasin tun farko, su ne ma suka lallashe shi ya karɓi aikin. A cikin 1991 babbar kotun jihar ta ce ko da haka ne, doka ta rufe masa ƙofa. Daga 2002 ma aka ƙara tsananta abin: mai gida yana iya kai ƙara a mayar masa da dukan abin da ya riga ya biya marar lasin, ginin kuwa yana nan tsaye abinsa.

Na san za ka ce wannan ai zalunci ne, mutum ya yi gumi a hana shi haƙƙinsa. Alƙalan ba su ɓoye cewa hukuncin yana da ɗaci ba. Hujjarsu ita ce majalisa da gangan ta sa shi haka, domin in aka buɗe ƙofa ga wanda ya yi aiki mai kyau, kowa zai ce nasa mai kyau ne, dokar kuwa ta mutu. Ni dai har yanzu abin bai kwanta mini ba, gama ya ba mai gida marar tsoron Allah wuƙa a hannu.

Sauran jihohi

In ka bar Kalifoniya ka shiga Teksas, sai ka ga kamar wata duniya. Can jiha ba ta neman lasin daga mai gina gida ko mai rufi. Yau mutum ya sayi guduma da tsani, gobe ya kira kansa ɗan kwangila, sai dai abin da hukumar garinsa ta ɗora masa. An taɓa kafa hukumar kula da masu gina gidaje a cikin 2003, ba ta gamsar da mutane ba, majalisa ta yanke a rushe ta a cikin 2009. Amma su ma ba su saki kome da kome ba. Mai aikin lantarki, da mai aikin famfo, da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, duk sai da lasin jiha. A cikin 2019 majalisa ta tashi ba ta sabunta wa hukumar masu famfo wa'adinta ba, har aka ga sana'ar za ta zauna ba mai kula. Sai Gwamna Greg Abbott ya ba da umurni hukumar ta ci gaba.

Fensilbaniya ta bi tsakiya. Tun 1 ga Yuli, 2009, duk mai aikin gyaran gidaje wanda cinikinsa ya kai dala 5,000 a shekara sai ya yi rajista a ofishin babban lauyan jiha, ya nuna yana da inshora. Ba a yi masa jarrabawa ko kaɗan. A nan ya kamata ka rarrabe kalmomi biyu waɗanda mutane su kan gama. Rajista tana nuna hukuma ta san sunan mutum da inda za a same shi. Lasin irin na Kalifoniya yana nuna an gwada saninsa. Mai gida da yawa ya ga lamba a jikin mota ya saki jiki, alhali kuwa lambar rajista ce kawai.

A jihar Niyok an bar sha'anin ga garuruwa. Birnin Niyok yana da nasa lasin na masu gyaran gida, gundumomin da ke kewaye da shi irin su Nassau da Suffolk da Westchester kowace da nata. Karolina ta Arewa ba ta neman lasin babban ɗan kwangila sai aiki ya kai dala 40,000. Merilan kuwa ta yi wata dabara mai kyau. Masu lasin gyaran gida suna zuba kuɗi cikin wani asusu, in ɗayansu ya ɓata wa mutum aiki, a kan biya mai gidan daga ciki har dala 30,000. Wanda ya ɗauki marar lasin ba ya samun ko anini daga asusun nan.

Fulorida ƙasar guguwa ce. A watan Agusta, 1992, guguwar da aka sa wa suna Andrew ta rushe dubban gidaje a kudancin jihar, aka kuma tarar da yawa cikinsu an yi musu aikin ha'inci tun wajen gini. Wannan ya jawo aka yi ƙa'idar gini guda ta jihar duka, ta soma aiki a cikin 2002. Lasinsu iri biyu ne, wani yana aiki ko'ina cikin jihar, wani a gundumar mai shi kaɗai. Bayan ko wace guguwa mayaudara su kan kwararo da motocinsu kamar ungulu ta ga mushe, su bi gida-gida suna karɓar kuɗi wurin mutanen da rufinsu ya tafi. Saboda haka, a Fulorida da Kalifoniya duka, yin kwangila ba lasin a wurin da aka ce bala'i ya sauka babban laifi ne, ba ƙarami ba.

Gwamnatin tarayya ba ta cika sa baki ba, sai a 'yan wurare. Ɗaya shi ne fenti mai dalma, wanda ƙurarsa ke lalata ƙwaƙwalwar yara. An hana shafa shi a gidaje a cikin 1978. Tun 2010 kuwa duk mai aikin da zai kankare fenti a gidan da aka gina kafin 1978, sai ya sami horo da takardar shaida, ko a wace jiha ya ke.

Masu kuka da lasin

Ba kowa ne ke yabon wannan tsari ba, kuma kukansu abin ji ne. A cikin 2015 fadar shugaban Amurka ta fid da wani rahoto wanda ya nuna fiye da rubu'in ma'aikatan ƙasar sai da lasin su ke yin sana'arsu, alhali a wajen 1950 ba su kai 5 cikin 100 ba. Masu kukan suna cewa sau da yawa waɗanda suka riga suka shiga sana'a su ne ke zaune a hukumomin, su ne kuwa ke ƙara tsawon katanga don kada sababbi su shigo su karya musu farashi. Talaka mai hannu, wanda ba shi da kuɗin takardu da lamuni, ko baƙo wanda Turancinsa bai nuna ba, sai ya koma aiki a ɓoye, ko ya ƙare ransa yana yi wa mai lasin barantaka. Ga kuma wahalar iyaka: gwanin da ya yi shekara 20 a wata jiha, in ya ƙaura, watakila a ce ya sake zaman jarrabawa kamar ɗan koyo. A cikin 2019 jihar Arizona ta yi doka ta riƙa karɓar lasin da mutum ya zo da shi daga wata jiha in ya zo zama cikinta, waɗansu jihohi kuma suka bi sawunta.

A nawa ganin, ga lantarki da gas da duk abin da zai iya faɗo wa mutum a ka, jarrabawa wajibi ce, ko da za ta sa aiki ya yi tsada. Amma ban ga ran da za a ceta ba don an hana mai fenti shafa wa bango launi.

To, me mai gida ya kan yi in baƙon nan mai tsani ya tsaya a ƙofarsa? Ya kan nemi lambar lasinsa, ya buɗe shafin hukumar a intanet, ya rubuta ta. Nan da nan zai ga ko lasin yana da rai, da ajinsa, da lamuninsa, da inshorar ma'aikatansa, da hukuncin da aka taɓa yi masa. Sa'an nan ya duba ko sunan da ke jikin lasin shi ne na mutumin da ke tsaye gabansa, gama a kan yi aron lambar wani. Duk da haka masu hankali su kan ce a nuna musu gidajen da ya yi aiki, su je su tambayi masu su, kamar dai yadda kai za ka duba soron maƙwabcinka.

Wanda ya ƙi yin haka don kwaɗayin araha, ga abin da ke iya samunsa a Kalifoniya. Doka ba ta ɗaukar marar lasin a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa, in aikin irin mai neman lasin ne. Tana iya lissafa shi, shi da yaransa, a matsayin ma'aikatan wanda ya kira su. In ɗayansu ya zame daga rufi ya karya baya, ba inshorar da za ta ɗauke shi, sai lauyansa ya juyo kan mai gida ya nemi kuɗin asibiti da diyya. Kuɗin jinyar karayar baya a asibitin Amurka kuwa yana iya fin kuɗin rufin nan sau da yawa.